Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Martani Kan Batun Horon Ruhaniya

A kwanakin baya wani ɗan'uwanmu cikin Ubangiji, malamin da ya daɗe yana koyarwa a makarantar Littafi Mai Tsarki, ya yi dogon rubutu a kan kayan da yake ganin mun ɗora wa kanmu ba tare da Allah ya ɗora mana ba. A ganin Malam, tsayar da lokacin addu'a, da sa wa azumi rana, da bin jadawalin karatun Littafi, duk komawa ne ƙarƙashin Shari'ar da Almasihu ya 'yantar da mu daga gare ta. Ya ce zama kamar Yesu ba aikin mutum ba ne, 'ya'ya ne da Ruhu Mai Tsarki yake haifarwa, kuma ba a taɓa jin itace yana nishi don ya yi 'ya'ya ba. Ya ƙara da cewa yawancin waɗannan tsare-tsare aro muka yi daga maƙwabtanmu Musulmi, don kada a ce Kirista ba su da ibada. Daga nan ya kawo shawara: ikkilisiyoyi su daina kaɗa ƙararrawar addu'ar asuba, su daina sanar da azumi daga kan bagadi, a bar kowa da yadda Ruhu ya bi da shi.

Malam ya girme ni a shekaru, ya fi ni karatu, don haka da ladabi nake wannan magana. Amma in aka bi shawararsa, ɓarnar da za ta biyo baya ta fi wadda yake son gyarawa.

Ciwon da ya gani gaskiya ne, ba zan ɓoye ba. Duk wanda yake Jos ko Kaduna ko Yola a watan Janairu ya san yadda azumi ya koma gasa. Wannan ikkilisiya ta sa kwana 21, ta kusa da ita ta ce nata 40 ne, a hau Facebook ana ƙirga wa duniya kwanaki. Mai gyambon ciki da mai ciwon suga da mace mai shayarwa suna jin kunyar a gan su da kofin ruwa, domin an riga an faɗa a gaban jama'a cewa wanda bai yi ba, bangaskiyarsa ce ta yi sanyi. A ɗaura lasifika a kan rufin kwano a kwana ana ihu, ga jariri a gidan da ke jikin katanga, ga ɗalibi mai jarrabawa da safe. Ma'aikaci ya kwana a addu'ar dare, ya wayi gari yana gyangyaɗi a kan tebur, mutane suna tsaye a layi da takardunsu. Uwa tana wurin taro dare biyar a mako, yara suna gida ba wanda ya duba ko sun ci. Ga kuma masu sayar da mai da ruwa a kwalba, waɗanda suka mai da azumi kuɗin da ake biyan Allah don ya ba da biza, ko miji, ko kwangila. A kan wannan duka ina tare da Malam. Sai dai gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Mu fara da wasiƙar Galatiyawa, tunda a kanta ya kafa hujjarsa. Rigimar da ke cikinta a fili take. Wasu sun zo suna gaya wa masu bi waɗanda ba Yahudawa ba cewa sai an yi musu kaciya, sun kiyaye ka'idodin Shari'ar Musa, kafin Allah ya karɓe su. Tambayar ita ce: da me mutum yake samun karɓuwa a gaban Allah? Amsar Bulus, da ta Malam, da tawa, ɗaya ce: ta wurin alheri, ta bangaskiya ga Almasihu. Dattijuwar da take tashi ƙarfe biyar ta ɗauki tocila ta tafi addu'ar asuba, in ka tambaye ta ko da wannan tashin take sayen ceto, dariya za ta yi maka. In ma an sami wadda take zaton haka, sai a zaunar da ita a koya mata. Tambayar da ke gabanmu wata ce dabam: wanda aka riga aka karɓa, ta yaya halinsa yake sakewa? Ta yaya mai zafin rai yake zama mai haƙuri, mai rowa ya zama mai buɗaɗɗen hannu? Malam ya ɗauki amsar tambaya ta farko ya manna wa ta biyu.

Na san zai nuna mini Galatiyawa sura 4, inda Bulus ya koka da masu kiyaye ranaku da watanni, da Kolosiyawa sura 2, inda ya ce dokokin hana ci da hana taɓawa da wahalar da jiki ba su da ƙarfin kashe sha'awa. Na yarda da su duka. Amma wasiƙar Kolosiyawa ba ta ƙare a sura 2 ba. Da ka juya shafi, sura 3 cike take da umarni ga mutane masu rai da jini: su kashe wasu halaye, su tuɓe fushi da ƙarya da zage-zage, su yafa tausayi da tawali'u da haƙuri. A sura 4 kuma ya ce su nace da addu'a. Abin da Bulus ya ƙi shi ne ka'idar da ake ɗauka a matsayin tsani zuwa ga Allah, wadda ake auna ɗan'uwa da ita. Ƙoƙari kuwa bai taɓa ƙinsa ba. Shi ne ya kwatanta kansa da ɗan tsere da ɗan dambe a 1 Korintiyawa 9, yana rubuta wa mutanen da ake gudanar da manyan wasanni a kusa da birninsu duk bayan shekara biyu, waɗanda suka san irin kamewar da ɗan wasa yake yi kafin ranar fage. Shi ne ya ce wa Timoti ya hori kansa domin ibada. A wasiƙar Titus ma ya nuna alherin da kansa a matsayin mai koyarwa, wanda yake koya mana ƙin rashin tsoron Allah. A 1 Korintiyawa 15 ya faɗi abu biyu a numfashi ɗaya, cewa ya fi sauran manzanni wahalar aiki, kuma alherin Allah ne ya yi aikin. Bai ga saɓani a tsakaninsu ba. Malam ne ya gani.

Shi kansa Ubangijinmu mutum ne mai tsari. Luka ya nuna cewa shiga majami'a ran Asabar al'adarsa ce, fita zuwa Dutsen Zaitun ma al'adarsa ce, har Yahuza bai sha wahalar sanin inda zai same shi ba a daren da ya bashe shi. Markus ya ba da labarin yinin da ya kai dare yana warkar da marasa lafiya a Kafarnahum, amma tun da sauran duhu ya tashi ya nemi wurin da ba kowa. In akwai wanda yake da hujjar cewa zumuntarsa da Uba ba ta bukatar a ware mata lokaci, shi ne. A Matiyu 6 ya ɗauki sadaka da addu'a da azumi ɗaya bayan ɗaya, bai soke ko guda ba. Yi don idon mutane ya hana.

Batun aro daga maƙwabta kuwa, tarihi bai tsaya wa Malam ba ko kaɗan. Daniyel yana durƙusawa sau uku a yini a ƙasar bauta, kuma sanin lokacin nasa ne ya ba maƙiyansa damar kama shi. Bitrus da Yahaya suna kan hanyar Haikali don addu'ar ƙarfe uku na yamma suka tarar da gurgun da ke bakin ƙofa. Bitrus yana kan soro a Yafa yana addu'ar tsakar rana ya ga wahayin da ya buɗe wa al'ummai ƙofa. Ikkilisiyar Antakiya tana cikin azumi aka keɓe Barnaba da Shawulu. Akwai wani ɗan littafin koyarwa da ake kira Didake, daga ƙarshen ƙarni na 1 ko farkon na 2, wanda ya umarci masu bi su yi azumi Laraba da Juma'a, su kuma yi Addu'ar Ubangiji sau uku a yini. Wajen shekara ta 200, Tertuliyan yana Kartaj, a Tunisiya ta yau, yana rubutu a kan sa'o'in addu'a. Antoni, wanda ya shahara da zaman kaɗaici a hamadar Masar, ya rasu a 356. Duk wannan ya faru ɗaruruwan shekaru kafin Hijira a 622, kuma kaso mai yawa a nan nahiyarmu ya faru. Har yau Kiristocin Habasha da Kibɗawan Masar suna riƙe da azumin Laraba da Juma'a. Gadon gidanmu ne, mu ne muka yi sakaci da shi har muka ɗauka na wani ne.

Ko da ma a ce ganin maƙwabci ne ya tuna mana, ina aibin? Mutumin da kiran sallar asuba yake tayarwa kullum, da hunturu da damina, wanda yake kai azumin wata guda ko da ya faɗo a tsakiyar zafin bazara, bai zama dalilin da za mu ƙara jan bargo ba. Mun bambanta da shi a kan abin da ibada take yi wa mutum a gaban Allah, kuma bambancin ba ƙarami ba ne. Amma bangaskiyar da ba ta da abin nuna kanta sai cewa mu ba ma yin abin da su suke yi, ta bar wa wani ya zana mata iyaka.

Wani abin lura shi ne, waɗanda suka fi kowa kare koyarwar alheri a tarihin ikkilisiya ba su yi zaman kara zube ba. Agustin, bishop na Hippo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya yanzu, ya kwashe shekarun ƙarshen ransa, har rasuwarsa a 430, yana yaƙi da koyarwar Pelagiyus mai cewa mutum zai iya gyara kansa da ƙarfin kansa. Wannan Agustin ɗin dai ya zauna gida ɗaya da ma'aikatan ikkilisiyarsa a ƙarƙashin ka'ida, da lokutan addu'a tsayayyu, da azumi gwargwadon yadda lafiyar kowa za ta ɗauka. (Masu tilasta wa mai gyambon ciki su lura da wannan sharaɗi.) Har a kan teburin cin abincinsa ya sa aka rubuta gargaɗi cewa mai cin naman wanda ba ya nan ba shi da wuri a wannan tebur. Martin Luta, wanda ya tayar da Turai a 1517 a kan cewa ceto ba na sayarwa ba ne, shi ne a 1529 ya rubuta Ƙaramin Katekism, da addu'ar safe da ta dare da ta cin abinci, don maigida ya koya wa iyalinsa; 'yan'uwanmu na ikkilisiyar LCCN a Numan da kewaye sun san shi sarai. A 1535 ya rubuta wa wanzaminsa ɗan littafi a kan yadda ake addu'a, ya shawarce shi ta zama aikinsa na farko da safe da na ƙarshe da dare, ya kuma gargaɗe shi da ruɗin nan na bari in gama wannan tukuna. Ba na jin Malam zai ce Luta bai fahimci Galatiyawa ba.

Saura zancen itacen da ba ya nishi. Kwatanci ne mai daɗin ji, amma a Yahaya 15, inda aka ɗauko shi, an umarci reshe ya zauna a cikin kurangar, an kuma yi maganar aske rassa don su ƙara 'ya'ya. Ba a ba itacen gona umarni, mutum ake ba. Jerin 'ya'yan Ruhu a Galatiyawa 5 ma da kamunkai ya ƙare. Ni ga yadda nake ganin abin. Yaron da kawunsa ya saya wa keken ɗinki bai biya ko kwabo ba, keken nasa ne tun ranar da aka sauke shi a ƙofar gida. Amma ran nan ko aljihu ba zai iya ɗinkawa ba. Sai ya zauna a shagon maigidansa wata da watanni, yana sa maɓalli, yana guga, yana warware ɗinkin da ya karkace, har ƙafa ta saba da taka keke, hannu ya saba da almakashi. Zaman shagon ba biyan kuɗin keke ba ne. Wanda kuma ya ce masa tunda kyauta aka ba ka ba sai ka koya ba, bai taimake shi ba, domin ranar da ɗinkin Kirsimeti ya taru, yadin mutane zai ɓata.

Irin wannan ranar ita ce ta sa gardamar ba ta malaman makaranta kaɗai ba ce a ƙasarmu. A duba Getsamani. Yesu ya ɗauki almajirai uku ya ce su zauna a faɗake su yi addu'a, ya kuma gaya musu dalili: don kada gwaji ya ci su. Sau uku yana dawowa yana tarar da su suna barci. Sa'o'i kaɗan kafin nan Bitrus ya rantse cewa ko mutuwa ce zai bi shi, kuma ba ƙarya yake yi ba, har zuciyarsa yake nufi. Da taron ya iso da fitilu da makamai, wanda ya kwana yana kokawa da nufin kansa a gaban Uba ya tsaya a natse, har ya warkar da kunnen ɗaya daga cikin masu kama shi. Wanda ya yi barci ya zare takobi ya sare kunnen Malkus, kafin zakara ya yi cara kuma ya yi musun Ubangijinsa sau uku, har a gaban baranya. Niyya ba ta yi wa Bitrus ƙaranci ba. Da abin ya zo ba shiri, tsohon Bitrus ne ya fito.

Mu a Arewa mun san irin wannan dare. Kaduna a 2000 da 2002, Jos a 2001 da 2008 da 2010, garuruwa da yawa bayan zaɓen 2011. Mun binne namu, an ƙone mana majami'u, wannan ba abin mantawa ba ne. Amma ba asiri ba ne kuma cewa a cikin waɗanda suka tare hanya suna tambayar matafiya sunayensu akwai yaran da aka yi wa baftisma, waɗanda suka san waƙoƙin sujada da ka, waɗanda suka ji wa'azin ƙaunar maƙiyi ba sau ɗaya ba. Sun ji, amma ba su taɓa gwadawa ba, ko a kan ɗan ƙaramin abu. Ba wanda yake koyon ƙaunar maƙiyi a ranar da hayaƙi ya tashi a unguwa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Labarin Fasto James Wuye na Kaduna sananne ne. A rikicin 1992, wanda ya faro daga Zangon Kataf ya bazu zuwa Kaduna, yana cikin jagororin matasan Kirista, a nan ya rasa hannunsa na dama. A ɗaya ɓangaren Imam Muhammad Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. A 1995 aka haɗa su, daga baya suka kafa cibiyar sasanci da duniya ta san su da ita. Abin da ya shafi zancenmu shi ne abin da Wuye ya sha faɗa da bakinsa: ko bayan sun fara yawo tare suna kiran mutane ga zaman lafiya, ya yi shekaru zuciyarsa tana raya masa ya cutar da abokin tafiyar tasa. Mai bi ne a duk tsawon wannan lokaci, mai wa'azi ma. Gafarar ta zo daga baya, kuma alherin Allah ce, ba na musu. Amma ta zo wa mutumin da ya yi ta komawa yana zama kusa da wanda ransa ba ya so, yana tafiya da shi, yana sauraronsa. Da ya zauna a gida yana jiran ranar da zai ji abin ya tsiro masa a rai, da wataƙila har yau yana jira.

Haka ikkilisiyar EYN, wadda aka fara a Garkida a 1923. A Afrilun 2014 aka sace 'yan matan Chibok, akasarinsu 'ya'yanta ne. A Oktoban shekarar aka ƙwace hedikwatarta da ke Kwarhi kusa da Mubi. Shugabanninta suka ci gaba da hana ramuwar gayya. Ba a 2014 suka ƙirƙiro wannan matsayi ba. A lokacin, wajen shekara 90 ke nan ana maimaita koyarwar salama a ajin baftisma da wa'azin Lahadi, tun lokacin da ba wanda ya san za a bukace ta haka.

Akwai kuma inda Malam da masu lasifika suka yi tarayya ba su sani ba. Dukansu suna kallon horo a matsayin abin da ake yi a cikin ginin sujada; waɗancan suka ce a ƙara, shi ya ce a soke. A Ishaya 58 mutane sun yi gunaguni cewa sun yi azumi Allah bai duba ba. Aka amsa musu cewa a ranar azumin suke matsa wa ma'aikatansu, suke faɗa da naushi. Ba a ce su daina ba, an ce azumin ya kai ga kwance wa wanda aka ɗaure, da raba abinci da mayunwaci. Amos ya yi maganar 'yan kasuwar da suke ƙosawa Asabar ta wuce don su koma rage mudu. Yakubu ya yi maganar harshe, da hakkin masu girbi da aka danne.

To, a nan horon yake. Yana wurin mai sayar da masara da take da mudu biyu, na saye da na sayarwa, wadda za ta jefar da ɗaya, sannan kowace ranar kasuwa ta sake yanke wannan shawara, musamman ranar da ciniki bai yi ba. Yana gidan da aka ɗauko yarinya daga ƙauye da alkawarin makaranta, shekara uku ba ta ga aji ba, kuma ita ce take wanke kwanonin da masu azumin kwana 21 suka sha ruwa da su. Yana wurin wanda ake bi bashi tun bara, mai bashin yana zaune a benci na uku yana kallonsa yana rawa zuwa gaba da ambulan ɗin godiya. Yana cikin wayar da ke aljihunmu: an turo hoton gawa an ce jiya aka yi a gari kaza, jini ya hau, yatsa yana ƙaiƙayi. Mai horo shi ne wanda ya riga ya kafa wa kansa doka tun ana zaman lafiya, cewa irin wannan saƙo ba ya tura shi sai ya kwana, sai ya bincika. Yana cikin ambaton sunan mutumin da ya cuce ka a addu'a, sunansa sosai, kana roƙa masa alheri, ko da bakinka yana nauyi. Yana cikin minti biyar kafin barci da za ka tambayi kanka wa ka ɓata wa rai yau, da abin da za ka yi a kai gobe.

Ina haɗin waɗannan da azumi da tashin asuba? Haɗin kusa ne. Wanda ya saba ce wa cikinsa ya dakata har yamma, ya fi samun sauƙin ce wa harshensa da yatsarsa su dakata. Wanda ya fara yini da jin Maganar Allah yana shiga kasuwa da wata murya a kunnensa ban da ta riba. Azumin da bai taɓa mudu ba, Malam yana da gaskiya, yunwa ce kawai. Amma mudun da ake so ya gyaru ba tare da mai shi ya taɓa koyon ƙin bin ransa a kan komai ba, zai daɗe bai gyaru ba.

Za a ce horo yana haifar da girmankai, a kawo Bafarisin nan na Luka 18 mai azumi sau biyu a mako. Haka ne, yana haifarwa. Rashinsa ma yana haifarwa; na sha jin mai cewa shi ya gane alheri, ba kamar waɗancan masu tashin asuba ba, da murya irin ta Bafarisin sak. Maganin da Yesu ya bayar shi ne ɓoyewa: a rufe ƙofa, a wanke fuska, hannu ɗaya kada ya san abin da ɗayan ya bayar. Wani maganin shi ne ɗan'uwa mai tambaya. Tun daga 1742 a Biristol ta Ingila, Yohanna Wesli ya riƙa raba mabiyansa ƙungiya-ƙungiya, mutum wajen 12, suna haɗuwa mako-mako ana tambayar kowa yadda ransa yake tafiya. Da wuya girmankai ya yi ƙiba a inda akwai wanda ya san ka, ya kuma isa ya tambaye ka maganar bashin nan. Zumuntar Mata a ikkilisiyoyinmu, a inda ba ta koma taron anko da gulma ba, tana yin wannan aiki fiye da yadda ake yaba mata.

A bar kowa da yadda Ruhu ya bi da shi, in ji Malam. A aikace, in ba a ware lokaci ba, ba Ruhu ne yake cike gurbin ba. Barci ne, da waya, da kasuwa. Shi Malam zai iya faɗin haka ba tare da ya yi asara ba, domin ya yi shekaru yana tashi a kan lokaci, yana shirya darasi, yana bin Littafi daga Farawa zuwa Wahayi saboda ɗalibai suna jira. Horon ya riga ya shiga jikinsa har ya daina ganinsa. Waɗanda za su yi asara su ne sabon mai bi da bai san inda zai fara ba, da matar da ba ta iya karatu ba, wadda ayoyin da ake karantawa da asuba su ne rabonta na Maganar Allah daga Lahadi zuwa Lahadi. Tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, ta ajin karatu da addu'ar safe da ta yamma ya shiga ƙauyukanmu. Aikin Sabon Rai Don Kowa da ya bazu a shekarun 1960 ma a kan ƙananan ƙungiyoyin addu'a masu haɗuwa a kai a kai aka gina shi.

Idan dattawan ikkilisiya za su zauna a kan rubutun Malam, kuma ya kamata su zauna, ga abin da zan sa wa hannu. A sauke lasifikar da ke kan rufi, muryar addu'a ta tsaya a cikin ɗaki. A daina rubuta sunan wanda ya zo da wanda bai zo ba. A faɗa daga kan bagadi, a fili, cewa mara lafiya da mai ciki da mai shayarwa da mai aikin ƙarfi ba azumin abinci a kansu. A rage dararen taro don iyaye su sami yin sujada da 'ya'yansu a gida. Kuɗin abincin da aka ƙi ci a ranar azumi a tara shi a kai wa gwauraye da marayu da 'yan gudun hijira, kamar yadda Aristidis na Atina ya shaida a ƙarni na 2 cewa masu bi na zamaninsa suna yi. Ƙararrawar asuba kuwa a bar ta, addu'ar kada ta wuce rabin sa'a, don manomi ya kama gona da sanyin safiya, ma'aikaci kuma ya isa ofis a kan lokaci.